Tuwon Ƙarangiya da Baturen Majigi

Ni Gumsu, mai turaren wuta a Fagge, ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa na raina majigi. Na raina shi tun kafin ya taɓa gidanmu, balle yanzu. A ce ƙatti da gemunsu, wasu har da jikoki, su baje a ƙasa gaban farin ƙyalle suna hangame baki kamar awaki sun hango dusa! Tir. Bari in gaya muku abin da kallon nan ya jawo wa tsohuwata, in na gama duk mai bakin cewa ai wasa ne ya zo ya faɗa a gabana.

Shekara biyu bayan tarzomar Sabon Gari, ƙanena Ari ya sami aiki a wani kamfanin sabulu. Ba sabulun aka ba shi ya sayar ba, bakinsa aka saya. Motar kamfanin za ta zo fili bayan magariba, a kafa ƙyalle, a haska hoto, mutanen ciki suna ta Turancinsu, shi kuma Ari ya tsaya a gefe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da ake ciki da Hausa. In an gama a tallata sabulu, kowa ya kama gabansa. Wannan shi ne aikin da ya sa yaron da na goya da zanena ya fara soke alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu.

Innarmu kuwa, Yakaka, lokacin ta haura saba'in. A Kukawa aka haife ta, can ƙasar Barno, tana 'yar shekara tara aka ci garin da yaƙi aka sa masa wuta. Ita da uwarta Falmata suka fito da ƙafa. Uwar ta mutu a hanya, wasu fataken kanwa suka tsinci Inna suka zo da ita Kano. Ba dangi, ba ko ɗankwali na biyu. Labarin nan kaɗai ta zo da shi, kuma shi ne mutuncinta a unguwa. Duk shekara in kaka ta yi, ƙarangiya ta bushe, sai in je bayan layin dogo in taro mata ita, ƙaya tana cin hannuna, a daka, a sheƙe, a fid da 'yan ƙwayoyin nan a tuƙa tuwo, ba miya ba mai, don shi suka ci a hanya. A kira matan unguwa, a kira Goni limamin masallacinmu, kowa ya sa loma ɗaya a baki, Inna ta ba da labarin daga farko har ƙarshe, a yi wa Falmata addu'a. Shekara arba'in ana haka, ba wanda ya taɓa ce mata anya.

Saura kwana goma a yi sadakar wannan shekarar sai ga Ari ya shigo yana washe haƙora.

"Inna, albishirinki. An kawo hoton garinku. Yau za mu haska shi a filin da ke tsakaninmu da Sabon Gari."

Inna ta ajiye tasbaha. "Kukawa? Har yanzu akwai abin ɗauka a can?"

"Ta da ce, Inna, ta zamaninku. Har da yaƙin."

Gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin titi, don haka ni ta aika. Ta ce in je in buɗe ido da kyau in zo in gaya mata. Don ita kaɗai na yafa mayafi na je na zauna cikin wannan taron shashanci.

Abin da na fara gani duwatsu ne, manya-manya, masu tsini. A Kukawa! Garin da Inna ta ce in kare ya biyo ka kana neman dutsen jifa, sai dai ka haƙura ya cije ka. Sai ga fada da zaki a ɗaure a ƙofa. Sai ga wasu mata farare sol, cibiya a waje, suna karkaɗa ƙugu a gaban sarki, wai su ne iyayenmu. Na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, babu ko mutum guda mai zanen Barebari, babu kitsonmu, babu rigarmu. Can maƙiya suka zo aka sa wa gari wuta. Ana cikin kururuwa sai ga wani Bature a kan farin doki, gashin baki a murɗe, rigarsa fes ko toka ba ta taɓa ba. Ya harbe wannan, ya naushi wancan, ya ɓalle ƙofar gari, ya kwashe mata da yara kaf ya fid da su, har da wata yarinya da ya ɗora a gaban sirdi. Fili ya ruɗe da tafi da sowa. Ɗan'uwana kuma yana ta zuba a lasifika: "Jama'a, ku duba da kyau! Wannan ita ce Kukawa, haka aka yi a zamanin da!"

Da aka tashi, in ji kunnenku irin sharhin da na ji a hanya. Wani leburan reluwe ya ce shi ba ruwansa da an yi ko ba a yi ba, naushin nan kaɗai ya wanke masa gajiya. Wani tela ya ce da ya san haka matan Barno suke da tuni ya koma can da kekensa. Wani ɗan boko mai tabarau ya gyara murya ya ce bindigar Baturen ba ta wancan zamanin ba ce, amma sauran duk daidai ne. Shi ke nan fa, an sami masani. Mutumin da ko Wudil bai taɓa wucewa ba.

Na koma gida na ce wa Inna hoton bai fito da kyau ba, duk hayaƙi ne. Na ɗauka magana ta mutu a nan.

Da safe a bakin famfo na gamu da Hajja, maƙwabciyarmu, wadda ta je Makka sau ɗaya ta dawo da sanin komai. Ta bari sai da mata suka taru tukuna.

"Gumsu, ashe Bature ne ya fid da su Yakaka, shekara da shekaru ko sau ɗaya ba ta taɓa ambatonsa ba?"

Na ce, "Wane Bature? Inna ba ta sa Bature a ido ba sai da ta yi aure ta haihu."

Hajja ta riƙe ƙugu. "To in babu Bature a wurin, wa ya ɗauki hoton?"

Matan suka ce, "Ai kuwa!" gaba ɗaya. Wallahi tulun da ke hannuna saura kaɗan in fasa shi a ƙasa. Na ce mata ƙarya ce aka shirya, mutane ne aka sa wa kaya suka yi kwaikwayo. Ta ce ita dai da idonta ta ga wuta tana ci, ta ga mutum ya faɗo daga ganuwa, ko wuta ma kwaikwayo take yi? Wata can ta ce ai Yakaka tana yarinya a lokacin, kuma tsufa ba ya barin kai yadda yake.

Kafin azahar Hajja ta shigo gidanmu da sunan ɗiban wuta, ta zayyana wa Inna komai. Da farko Inna dariya ta yi har da hawaye. "Duwatsu? Zaki? Kai, waɗannan mutane da abin dariya suke." Amma aka kwana aka tashi, wannan ta shigo ta tambaye ta sunan Baturen, waccan ta tambaye ta ko ita ce yarinyar gaban sirdi. Ranar uku ta daina dariya. Ranar biyar na same ta zaune shiru, tasbaha a cinya ba ta ja, ta ce da ni, "Gumsu, mutum yakan manta abu babba kuwa?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da take iya gaya maka launin zanen da uwarta ta ɗaura ranar, ita ce ake sa wa shakka saboda kamfanin sabulu.

Na je wurin Goni, ina ganin shi dai malami ne. Ya ce shi bai je ba, ba ya kallon dodon bango, haramun ne. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya ƙara da cewa amma fa abin da mutum ɗari biyar suka gani da ido, ba a ture shi da shaidar mace ɗaya. Ka ji fa. Abin haramun ne a kalla, amma halas ne a kafa hujja da shi.

Daga nan na wuce shagon Ari, ɗakin kwanansa, na rufo ƙofa.

"Kai, don Allah dube ni. Wannan abin da ka haska Kukawa ce?"

Ya fara sosa ƙeya. "Yaya, kin san aikin nan..."

"Ban san shi ba, gaya mini."

Sai ya faɗa. Takardar da ta biyo hoton ba ta ambaci wani gari ba, cewa kawai ta yi wani birni ne a bakin hamada. Maigidansa ne ya koya masa in sun je wuri ya sa sunan da mutanen wurin suka sani, don fili ya cika. A Zariya wani gari ya kira, a Gusau wani. Da suka zo Fagge ya tuna Barebari sun yi yawa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta Kukawa a saman takardar da hannunsa.

Na ce, "Labarin uwarka ka ɗauka ka shafa wa sabulu?"

"Ban zaci za a ɗauke shi da zafi ba. Ai kowa ya san wasa ne."

"Wa ya sani? Hajja? Za ka fito ka gaya wa mutane."

"Yaya, in na faɗa, wa zai ƙara saurarena a fili? Yara ma sai sun jefe ni."

Na ce ko su jefe shi ko su bar shi, ranar sadaka zai buɗe bakin nan da yake ci da shi ya faɗi gaskiya a gaban Goni. Ya rantse mini zai faɗa. Na san ƙanena, don haka na nemi shaida ta biyu.

Akwai Veronica a Sabon Gari, Inyamura ce mai ɗinkin kayan mata, takan sayi humra a wurina. Ita da mijinta Chukwuma ba sa fashin silima ranar Asabar, kuma ta je majigin nan. Na same ta tana taka keke na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta yi dariya har ta saki ɗinkin.

"Haba Mama! Wannan mai gashin bakin ai na san shi. Watan jiya a silima na gan shi yana tuƙa jirgin ruwa, aka soke shi da takobi ya faɗa teku ya mutu. Sana'arsa ce, biyansa ake yi."

"To ke ba ya ba ki haushi a yi wa mutane ƙarya?"

"Ni in na shiga silima ba makaranta na je ba. Labari ya yi daɗi, shi ke nan. Mu ma an nuna wai ƙasarmu, mutane tsirara suna dafa mutum a tukunya. Na yi dariya na tafi gida na dafa doyata."

Wannan maganar ma na raina ta. A ce an zagi kakanninka ka biya kuɗin shiga, ka kuma fito kana dariya! Amma ba gardama na je yi ba. Na roƙe ta ta zo ta maimaita maganar jirgin ruwan nan a gidanmu, ta ce za ta zo.

Ranar sadaka da hantsi tsakar gidanmu ta cika fiye da kowace shekara, kuma ba don Falmata suka zo ba, kallo suka zo. Goni yana kan buzu a bakin ƙofar zaure, Ari a gefensa da alƙalumansa. Aka zagaya da akushin tuwon ƙarangiya, kowa ya gutsura yana yatsina fuska. Kafin Inna ta fara na miƙe na ce Veronica tana da magana.

Ta tsaya ta faɗa tsaf yadda ta gaya mini: ta san mutumin, ta gan shi a jirgin ruwa, an soke shi, ya faɗa teku ya mutu. Tana shirin cewa biyansa ake yi, Hajja ta dafe ƙirji.

"Allahu akbar! Ashe a ruwa ya ƙare, bawan Allah. Ya ceci jama'a ga shi ko kabari bai samu ba."

Mata suka ɗauki salati, wata har da share ido. Veronica ta ce, "A'a, ba haka nake nufi ba," amma wa ke jin ta? Ta dube ni ta ɗaga kafaɗa ta zauna. Shaidar da na taka har Sabon Gari na ɗauko ke nan.

Inna ta fara labarinta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta faɗi yadda aka ji ƙarar bindiga da asuba, yadda maza suka fita ba su dawo ba. Ta ce, "Da wuta ta kama unguwarmu, uwata ta buɗe ramin da muke binne gero a bayan ɗaki, ta zura ni ciki, ta rufe da tabarma da ƙasa, ta bar mini 'yar kafa. Ta ce ko sunana na ji an kira kada in amsa. Kwana biyu ina ciki. Ran na uku ta zo ta tone ni, fuskarta a kumbure, ba ta gaya mini inda ta kwana ba, ni ma ban tambaya ba. Muka fita ta inda ganuwa ta zube. Ba wanda ya buɗe mana ƙofa. Ba doki, ba jaki. Ita ta goya ni in ƙafata ta fashe, ita da ba ta da takalmi. Kwana goma sha tara muna cin wannan abin da kuka ci yanzu, ita takan ce ta ƙoshi ta tura mini nata. A gindin wata aduwa ta kwanta ba ta tashi ba."

Kowace shekara a nan ake yin shiru, Goni ya ɗaga hannu. Bana Hajja ce ta yi gyaran murya.

"Yakaka, ba ƙaryata ki nake ba. Amma da bakinki kika ce kwana biyu kina cikin rami a rufe. To ta yaya kika san Baturen bai zo ba?"

Inna ta dubi Hajja, ta dubi matan nan da suka zuba mata ido, sannan ta juya wajen ƙofar zaure.

"Ari, kai ka yi karatu, kai ka riƙe abin. Gaya mini tsakaninka da Allah. Kukawa ce?"

Na ce a raina, yawwa, an zo wurin. Ari ya dubi Goni, ya dubi matan da suke gaishe shi a hanya suna ce masa Malam Ari na majigi. Ya taɓa aljihunsa.

"A takarda yake, Inna. Abin da ke rubuce na karanta."

"A rubuce yake?"

"A rubuce yake."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Maƙaryaci! Kai ka rubuta da hannunka, a shagonka ka gaya mini! Munafuki, ɗan tallan sabulu!" Tsakar gida ta kaure. Hajja tana cewa ai da ma an san bakin Gumsu, baƙin ciki take yi yaro ya sami aikin Turawa. Goni yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, bai dubi kowa ba. Ari ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Gumsu, zauna."

Inna ce. Ta daɗe tana kallon ɗanta, har sai da hayaniyar ta kwanta don kanta. Har yau ban sani ba ko yarda ta yi, ko kuwa ta gane sarai ta zaɓi a ce ita ce ta manta da a ce ɗanta maƙaryaci ne a gaban unguwa. Ko wanne ne, ni ya ƙona ni, kuma yana ƙona ni har gobe.

Ta ce, "Ina cikin rami. Abin da aka yi a sama ban gani ba. In har wani ya zo ya ceci mutane ni ban sani ba, to shekara sittin ina cin haƙƙinsa. Goni, in za ka yi wa uwata addu'a ka sa shi."

Na zuba wa Goni ido, ina jira ya ce ba a yi. Ya yi tari, ya gyara rawani, ya ɗaga hannu. Ya ce Allah ya jiƙan Falmata, ya yalwata kabarinta, shi kuma Baturen mai farin doki Allah ya saka masa gwargwadon aikinsa. A numfashi ɗaya ya haɗa su, matar da ta mutu a gindin aduwa da ƙafa a fashe, da mai gashin bakin da ake biya ya mutu duk wata. Duk tsakar gida hannu a sama, har da Ari.

Na dunƙule nawa a cinya. Amma sunan kakata yana cikin addu'ar, kuma ba yadda zan yi in ware shi. Na buɗe hannu na ce amin, na shafa.